Ficewar Nijar daga ECOWAS: Abin da Doka ta Tanada da Abin da Ya Rage a Hannun Gwamnatoci

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Legas. Ina saro albasa daga yankin Galmi a Jamhuriyar Nijar ina sauke ta a kasuwar Mile 12, idan Babbar Sallah ta matso kuma nakan taɓa harkar raguna a Agege. Da yawa daga cikin yarana 'yan Nijar ne. Ina so lauya ya fayyace mini: shin doka ta yarda ƙasa ta wayi gari kawai ta ce ta fita daga ƙungiya irin ECOWAS? Shin gwamnatin soja tana da ikon yanke wannan hukunci a madadin jama'a? Kuma mene ne matsayin kayana da yarana yanzu?

Amsa: Alhaji, tambayoyinka uku ne, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko amsarta a rubuce take cikin yarjejeniyar ƙungiyar. Ta biyu ita ce wadda lauyoyi da alƙalai suka fi kai ruwa rana a kanta, ba a Afirka ta Yamma kaɗai ba, har a Birtaniya da Afirka ta Kudu. Ta uku kuwa ita ce ta taɓa aljihunka, kuma gara in faɗa maka tun yanzu cewa abubuwan da a da kake cin moriyarsu a matsayin haƙƙin da yarjejeniya ta ba ka tsakanin Najeriya da Nijar, yanzu sun koma alfarmar da gwamnatoci suke yi, wadda kowane ɓangare yana iya janyewa ranar da ya ga dama.

A nan Legas aka kafa ECOWAS, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 28 ga Mayu 1975, lokacin da ƙasashe 15 suka rattaba hannu a kan yarjejeniyar farko, bayan zirga-zirgar da Janar Yakubu Gowon da shugaban Togo Gnassingbe Eyadema suka sha yi don shawo kan takwarorinsu. Amma takardar da ake aiki da ita a yau ita ce wadda aka sabunta a Kwatano ranar 24 ga Yuli 1993, kuma sashe na 91 nata ya yi magana ƙarara a kan ficewa. Ya ce duk ƙasar da ke son fita za ta rubuta wa shugaban sakatariyar ƙungiyar, wanda a yau ake kira shugaban hukumar ECOWAS, ta ba shi sanarwar shekara ɗaya, shi kuma ya shaida wa sauran ƙasashe. Idan shekarar ta cika ba a janye takardar ba, ƙasar ta daina zama mamba. Sashen ya ƙara da cewa a tsawon wannan shekara wajibi ne ƙasar ta ci gaba da bin ƙa'idojin yarjejeniyar, ta kuma sauke duk nauyin da ke kanta. Ba a nemi ta kawo dalili ba, ba a nemi amincewar kowa ba, kuma babu wani taron shugabanni da ke da ikon cewa bai yarda ba. Shekarar nan kamar idda take: an furta rabuwa, amma igiya ba ta gama tsinkewa ba, haƙƙoƙi suna nan a kan kowa, kuma ƙofar kome a buɗe take har ranar da wa'adi ya cika. Mauritaniya ta bi wannan hanya ba tare da hayaniya ba, inda ta ba da sanarwa a Disambar 1999 ta fita a Disambar 2000, daga baya kuma a 2017 ta ƙulla yarjejeniyar hulɗa da ƙungiyar ba tare da ta sake zama mamba ba.

Abin da ya jawo gardama a wannan karo shi ne sanarwar da Mali da Burkina Faso da Nijar suka karanta a gidajen talabijin nasu ranar 28 ga Janairu 2024, inda suka ce sun fice nan take, babu jiran wani wa'adi. Hukumar ECOWAS da ke Abuja ta tsaya a kan cewa sai shekara ta cika. Mali ta mayar da martani a farkon Fabrairu da wata hujja da bai kamata a raina ta ba. Ta ce ƙungiyar ce ta fara taka dokokinta lokacin da ta rufe mata iyakoki a Janairun 2022 ta hana ta kaiwa ga teku, alhali ita ƙasa ce da ba ta da gaɓar ruwa, saboda haka wanda ya fara saɓa alkawari ba shi da bakin neman a cika masa sharaɗin wa'adi.

Wannan magana tana da tushe a dokar ƙasa da ƙasa. Yarjejeniyar Viyana ta 1969, wadda ta tattara ƙa'idojin ƙulla yarjejeniyoyi da warware su, ta yarda a sashe na 60 cewa idan wani ɓangare ya yi mummunan saɓa wa abin da aka ƙulla, wanda abin ya cutar yana iya dakatar da aiki da shi, sashe na 62 kuma ya yi maganar babban sauyin yanayi wanda ba a hango shi ba lokacin sa hannu. Dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ma ta amince a sashe na 125 cewa ƙasar da ba ta da teku tana da haƙƙin ratsawa ta ƙasashen maƙwabta don ta kai gare shi. Idan kuma ka buɗe sashe na 77 na yarjejeniyar Kwatano, tare da sashe na 45 na ƙa'idar ECOWAS ta dimokuraɗiyya da kyakkyawan shugabanci ta 2001, za ka ga hukunce-hukuncen da suka lissafa sun tsaya ne a kan abubuwa irin su dakatar da bashi da tallafi, hana jefa ƙuri'a, da dakatar da ƙasa daga zaman ƙungiya. Rufe iyaka da yanke wutar lantarki, kamar yadda aka yi wa Nijar bayan taron Abuja na 30 ga Yuli 2023, ba sa cikin waɗannan sassa biyu. Kotun ƙungiyar ƙasashe masu amfani da kuɗin sefa ta ba da umarni a Maris 2022 cewa a dakatar da takunkumin da ƙungiyar tata ta ƙaƙaba wa Mali, amma shugabanni suka yi kunnen ƙashi har zuwa watan Yuli. Don haka duk lauyan da ya ce maka ECOWAS ba ta da laifi ko kaɗan a wannan rikici, bai gaya maka gaskiya gaba ɗaya ba.

Duk da haka, a ganina hujjar Mali da wuya ta tsaya a gaban kotu. Ita dai yarjejeniyar Viyanar ta ce a sashe na 54 ana fita ne ta hanyar da yarjejeniya ta shata, ko kuma da yardar dukan ɓangarori, kuma a nan hanyar a shace take. Sashe na 65 ya ce wanda zai kafa hujja da saɓa alkawari ko sauyin yanayi sai ya rubuta wa sauran ya jira aƙalla wata uku, idan wani ya ƙalubalance shi a koma teburin sulhu, wato ko ta wannan ƙofar ma babu fita nan take. Mafi nauyi kuma, sashe na 62 ya hana ƙasa fakewa da sauyin yanayin da ita ce ta haddasa shi ta hanyar karya nata alkawarin, kuma a lokacin da sojoji suka karɓi mulki ƙasashen nan uku suna cikin ƙungiyar da ƙa'idarta ta 2001 ta haramta karɓar mulki da bakin bindiga. Kotun Duniya da ke Hague ta nuna yadda take ƙuntata irin waɗannan hujjoji a hukuncinta na 1997 tsakanin Hangari da Sulobakiya a kan madatsar ruwan kogin Danube, inda ta ƙi yarda Hangari ta yar da yarjejeniya don kawai siyasa da tattalin arziki sun sauya.

A aikace babu kotun da ta yanke wannan gardama, lokaci ne ya yanke ta. Ƙasashen uku sun ƙaurace wa tarukan ƙungiyar, ita kuma ta ci gaba da lissafin shekararta. An ɗage wa Nijar takunkumi ranar 24 ga Fabrairu 2024, an naɗa shugaban Senegal Bassirou Diomaye Faye da na Togo Faure Gnassingbe su shiga tsakani, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe, domin ranar 6 ga Yuli 2024 Janar Abdourahamane Tiani na Nijar da Assimi Goita na Mali da Ibrahim Traore na Burkina Faso suka sa hannu a Yamai a kan kafa tarayyarsu ta ƙasashen Sahel. Taron Abuja na 15 ga Disamba 2024 ya amince cewa ficewar za ta tabbata ranar 29 ga Janairu 2025, sannan ya ƙara wata shida zuwa 29 ga Yuli a matsayin lokacin miƙa al'amura da barin ƙofa a buɗe. Wannan wata shida babu shi a sashe na 91, lallami ne na siyasa.

Inda gizo ke saƙa shi ne tambayarka ta biyu, wato wa ke da ikon fitar da ƙasa. Birtaniya ce ta fi kowa shan wannan muhawara. Ta shiga ƙungiyar Turai a 1973, sannan a ƙuri'ar raba gardama ta 23 ga Yuni 2016 kashi 51.9 cikin ɗari suka zaɓi fita, kashi 48.1 suka zaɓi zama. Sashe na 50 na yarjejeniyar Tarayyar Turai ya ce ƙasa za ta yanke shawarar fita ne bisa tanadin tsarin mulkinta, ya kuma ba da shekara biyu don tattaunawa. Gwamnatin Theresa May ta ɗauka cewa tun da jama'a sun yi magana, kuma harkokin waje aikin ministoci ne, tana iya aika takardar ba tare da komawa majalisa ba. Wata 'yar kasuwa, Gina Miller, ta kai ƙara, kuma ranar 24 ga Janairu 2017 Kotun Ƙoli ta ba ta gaskiya da rinjayen alƙalai 8 a kan 3. Dalilin kotun shi ne abin da ya kamata ka riƙe: dokar da majalisa ta yi a 1972 ce ta ba 'yan ƙasa haƙƙoƙin da suke samu daga ƙungiyar, ficewa kuwa za ta raba su da waɗannan haƙƙoƙi, kuma abin da majalisa ta bayar minista ba ya ƙwace shi da sa hannunsa kaɗai. Ƙuri'ar raba gardamar ma, duk da nauyinta a siyasa, ba ta da ƙarfin doka da kanta. Sai da majalisa ta yi sabuwar doka sannan aka miƙa takardar ranar 29 ga Maris 2017.

Shari'ar ba ta tsaya nan ba. Mutanen Sukotilan sun zaɓi zama da kashi 62 cikin ɗari, amma kotun ta ce majalisar yankinsu ba ta da ikon hana fita a doka. A Disambar 2018 kotun Tarayyar Turai ta ce Birtaniya tana iya janye takardarta ita kaɗai matuƙar wa'adi bai cika ba. A Satumbar 2019 kuma alƙalan Kotun Ƙoli 11 suka haɗu baki ɗaya suka soke matakin da Boris Johnson ya ɗauka na rufe majalisa a daidai lokacin da ake tsakiyar muhawarar. Ba a fita ba sai ranar 31 ga Janairu 2020, bayan batun ya ci kujerun firaministoci biyu.

Afirka ta Kudu ta bi irin wannan layi. A Oktobar 2016 gwamnatin Jacob Zuma ta aika sanarwar ficewa daga kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, bayan ce-ce-ku-cen da ya biyo bayan ƙin kama Omar al-Bashir lokacin da ya je ƙasar a 2015. Babbar kotu a Pretoria ta ce a Fabrairun 2017 tun da majalisa ce ta amince da shiga, ita ce za ta amince da fita, kuma gwamnati ta janye takardarta a watan Maris. A Gambiya ba a je kotu ba: Yahya Jammeh ya ba da sanarwar ficewa daga wannan kotu a ƙarshen 2016, ya faɗi zaɓe, Adama Barrow ya hau ya soke ta kafin shekara ta cika.

Idan ka auna ƙasashen Sahel da wannan ma'auni, za ka ga giɓi. Babu ɗaya daga cikinsu da ta yi ƙuri'ar raba gardama a kan ficewa, babu wadda ke da zaɓaɓɓiyar majalisa a lokacin, kuma a Nijar an jingine kundin tsarin mulki tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum. Magoya bayan sojoji suna cewa dubban mutanen da suka cika titunan Yamai sun isa shaida, kuma gaskiya ne takunkumin ya ƙona ran talakan Nijar, wanda ya ga magani ya yi wuya, abinci ya yi tsada, wutar da yawancinta daga Najeriya take zuwa ta ɗauke, sannan ya ji ana maganar kawo masa yaƙi. Ni ban raina wannan fushi ba. Amma gangami ba ya ƙidaya wanda ya zauna a gida, kuma ba ya tambayar ɗan Konni ko ɗan Maraɗi da abincinsa ke rataye a kan iyaka.

Sai dai dokar ƙasa da ƙasa ba ta cika leƙa cikin gida ba. Abin da take dubawa shi ne wa ke riƙe da ƙasar a zahiri. Tun a 1923, a wata shari'ar sasanci tsakanin Birtaniya da Kosta Rika a kan gwamnatin Federico Tinoco wanda ya hau ta juyin mulki, aka tabbatar cewa abin da gwamnatin da ke da cikakken iko a ƙasa ta aikata yana hawa kan ƙasar, ko da wasu ba su amince da ita ba. Yarjejeniyar Viyana kuma ta wadatu da sa hannun shugaban ƙasa ko shugaban gwamnati ko ministan harkokin waje a kan takardar ficewa. A nan ne ECOWAS ta shiga tsaka mai wuya, domin a Disambar 2023 kotunta da ke Abuja ta ƙi biyan buƙatar gwamnatin sojan Nijar ta a dakatar da takunkumi, bisa dalilin cewa gwamnati ce da ƙungiyar ba ta amince da ita ba, har ma ta ba da umarnin a saki Bazoum a mayar da shi kan mulki, amma bayan 'yan makonni hukumar ƙungiyar ta karɓi takardar ficewa daga hannun wannan gwamnati ta fara lissafin wa'adi da ita. Wanda aka ce ba shi da ikon kai ƙara da sunan ƙasa, an yarda yana da ikon fitar da ƙasar gaba ɗaya. Da ECOWAS ta so, tana iya cewa takardar ba ta inganta ba, amma da hakan ya bar ta da mambobi a takarda waɗanda ba sa zuwa taro, ba sa biyan kuɗi, ba sa bin umarni. Hukuncina shi ne ficewar ta tabbata a dokar ƙasa da ƙasa, raunin da ke gare ta na cikin gida ne, kuma duk gwamnatin da ta zo nan gaba ta so komawa ba za ta samu sauƙin da Barrow ya samu ba, tun da wa'adi ya wuce. Sai ta nemi yardar waɗanda suka rage, kamar yadda Maroko, wadda ta bar ƙungiyar haɗin kan Afirka a 1984 saboda rikicin Yammacin Sahara, ta nemi goyon bayan ƙasashe kafin a karɓe ta a Tarayyar Afirka a Janairun 2017.

Da a ce Najeriya ce ke son fita, mu ma da mun sha gardama. Sashe na 12 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da ke zama doka a cikin ƙasa sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka, amma bai ce komai ba a kan wanda ke da ikon warware ta. Mun ga ɗanɗanon wannan a batun Bakasi, inda Olusegun Obasanjo ya sa hannu a kan yarjejeniyar miƙa yankin ga Kamaru a 2006, Majalisar Dattawa ta ce a 2007 ba a kawo mata ba, amma aka miƙa shi a Agustan 2008. A ɗaya ɓangaren, a Agustan 2023 dattawan sun ƙi goyon bayan tura soja Nijar, kuma sashe na 5 na kundin ya ba su bakin magana a kan tura dakarun ƙasa yaƙi a waje. Ina ganin kotunanmu za su karkata ga cewa duk abin da majalisa ta riga ta mayar doka, shugaban ƙasa ba ya shafe shi shi kaɗai.

Bayan fita akwai lissafi. Sashe na 70 na yarjejeniyar Viyana ya ce ficewa ba ta goge haƙƙi ko bashin da aka riga aka ɗauka. Birtaniya sai da ta amince da biyan kuɗin da aka ƙiyasta a lokacin tsakanin fam biliyan 35 zuwa 39, kuma yarjejeniyar kasuwancin da ta maye gurbin zamanta mamba ba a kammala ta ba sai ranar 24 ga Disamba 2020, mako ɗaya kafin tsohon tsarin ya ƙare. Ƙungiyar Gabashin Afirka ta farko ta rushe a 1977, amma rabon kadarori da basussukanta bai kammala ba sai 1984. A namu yankin akwai rancen bankin zuba jari na ECOWAS da ke Lome, akwai ma'aikatan ƙungiyar 'yan waɗannan ƙasashe da haƙƙoƙinsu na barin aiki, akwai kuma ofisoshi irin hukumar lafiya ta Afirka ta Yamma da aka kafa wa mazauni a Bobo Dioulasso. Asarar da ba a cika ambata ba ita ce ta kotu. Tun 2005 ɗan kowace ƙasa mamba yana iya kai gwamnatinsa ƙara kai tsaye a kotun ECOWAS a kan take haƙƙin ɗan'adam, ba sai ya gama zagaye kotunan gida ba. Ta wannan ƙofa Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya aka riƙe ta a matsayin baiwa, ta yi nasara a kan gwamnatin Nijar a Oktobar 2008, aka yanke mata diyyar sefa miliyan 10. Ɗan Nijar da aka zalunta bayan ficewar ba shi da wannan ƙofa.

Game da kayanka da yaranka, ga abin da kake tsaye a kai a da. Ƙa'idar zirga-zirga ta 1979 ta ba ɗan ƙasa mamba damar shiga wata ba tare da biza ba ya zauna har kwana 90, sannan ƙa'idojin da suka biyo baya suka ba shi damar neman katin zama da kafa sana'a. Tsarin sassauta kasuwanci ya ɗauke harajin kwastan a kan amfanin gona da dabbobin da aka samar a yankin, wato albasarka da ragunanka. Direbanka yana ƙetare iyaka da katin inshorar mota na ECOWAS, makiyayi kuma yana da takardar shaidar ƙetarawa da dabbobi bisa shawarar 1998. Ranar 29 ga Janairu 2025 hukumar ECOWAS ta nemi ƙasashe 12 da suka rage su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar 'yan ƙasashen uku masu tambarin ƙungiyar, su ci gaba da ɗaukar kayansu a ƙarƙashin tsohon tsarin kasuwanci, su kuma bar su shiga da zama babu biza, amma ta ɗaure duk wannan da sharaɗin cewa har sai an ba da wata sanarwa. Su ma ƙasashen Sahel sun bayyana a Disambar 2024 cewa 'yan ECOWAS za su shiga ƙasashensu babu biza, tare da riƙe ikon hana wanda ba sa so. Saboda haka yaronka da ke sauke buhu a Mile 12 bai zama baƙon haure ba don ƙasarsa ta fita, kuma albasarka ba ta zama kayan fasa-ƙwauri ba. Bambancin shi ne, a da idan jami'i ya hana ku kuna da yarjejeniyar da za ku nuna da kotun da za ku je, yanzu kuwa sanarwa kawai kuke da ita, wadda wata sanarwar ke iya shafewa.

Kada kuma in sa ka ɗauka cewa zama mamba ya taɓa zama cikakkiyar garkuwa. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa takardu, yawancinsu 'yan Gana, shekara huɗu kacal bayan ƙa'idar 1979. Daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ciki har da Seme da Illela da Maigatari, alhali kowa yana cikin ƙungiya ɗaya. Haka nan abin da ya fi taɓa irin kasuwancinka a 'yan shekarun nan matakai ne na cikin gida da hukumomin Yamai suka ɗauka, kamar hana fitar da hatsi a Oktobar 2024 in ban da zuwa Mali da Burkina Faso, da dakatar da fitar da dabbobi gabanin Babbar Sallar 2025, da barin gadar da ke tsakanin Gaya da Malanville a rufe ko bayan Benin ta buɗe nata ɓangaren. A Maris 2025 kuma ƙasashen uku sun sanar da nasu harajin na kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ake shigo musu da su daga waje. Kuɗin sefa bai shiga cikin ficewar ba, domin ƙungiyarsa dabam take kuma sanarwar Janairun 2024 ba ta shafe ta ba. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500 daga Kebbi har Borno, kuma akwai hukumar haɗin gwiwa ta ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971 mai mazauni a Yamai, wadda ba ta rataya a kan ECOWAS ba. Nan ne ya kamata ƙungiyoyinku na 'yan albasa da 'yan dabbobi su riƙa kai kokensu, su nemi a rubuta musu abin da ake yi musu a matsayin alfarma ya zama yarjejeniya tsakanin Abuja da Yamai.

Kafin nan, Alhaji, ka tabbatar kowane yaro ɗan Nijar da ke hannunka yana da fasfo ko katin shaida na ƙasarsa wanda wa'adinsa bai ƙare ba, wanda ya daɗe a nan kuma ka sa ya je ofishin hukumar shige da fice ya daidaita takardar zamansa tun ana karɓa bisa tsohon tsari, domin mai takarda a hannu ya fi samun kariya idan ƙa'ida ta sauya. Kada wanda aka haifa a Tawa ko Madawa ya karɓi shaidar zama ɗan wata ƙaramar hukuma a Sakkwato don neman sauƙi, wannan laifi ne da ke iya kai shi kurkuku ya kuma jawo ka ciki. Kowace mota ta taso da takardun kwastan na ɓangarorin biyu, da shaidar likitan dabbobi idan raguna ne, da inshorar da direba ya tabbatar ana karɓarta a hanyar da zai bi. Tsakaninka da dillalinka na Galmi kuma ku rubuta a takarda, a gaban shaidu, wa zai ɗauki asara idan aka rufe iyaka ko aka hana fitar da kaya bayan an yi lodi, da kuɗin da za a yi lissafi da shi, naira ko sefa, da farashin canjin ranar da za a bi, kuma kada ka biya kuɗin kaya duka sai motar ta ƙetaro Illela.